Fim Ɗaya Tal Daga Misra

Tun a cikin motar da ta ɗauko mu daga filin jirgi na gane cewa Larabcin da na sha bulala a kansa a Islamiyya ba shi mutanen Alƙahira suke yi ba. Na gyara murya na tambayi direba ko masaukinmu da nisa, sai bawan Allah ya ƙyalƙyale da dariya har da dukan sitiyari, wai ina magana kamar mai karanta labarai a rediyo. Hajiya, uwar maigidana, ta dube ni ta wutsiyar ido.

"To, ke da aka ce kin iya yarensu?"

"Hajiya, na littafi na iya."

"Ai sai ki nemo littafin ya kai mu masauki."

Aikin gwiwa aka kawo Hajiya a yi mata, ni kuma aka haɗo ni jinya, don duk matan gidan ni kaɗai na gama sakandare. Amma akwai saƙo na biyu da na ƙullo a bakin zani, na mahaifina.

Baba mai hoto ne. Tun kafin a haife ni yake kafa akwatinsa a kasuwar Ɗanbatta, irin kyamarar nan ta katako mai dogon wuya kamar zuga-zugin maƙera, wadda ake naɗewa ta koma kamar 'yar adaka, mai ita ya lulluɓa da baƙin ƙyalle kafin ya ɗauka. Da wayoyi suka cika gari ya ajiye ta ya koma gona, gara kuwa ta bi ta ƙasa ta cinye ta, sai ƙafafunta uku da ƙyallen suka tsira don suna rataye. Bai taɓa ƙorafi ba sai a daminar da muka yi tafiyar nan. Yayyena suka yanke cewa da an girbe gero za a raba gandu, kowa ya ja nasa, domin gida ya cika, gona kuwa ba ta haihuwa. A wajenmu duk inda ka juya iyakar wani ce. Baba bai hana ba. Abu ɗaya ya roƙa: kafin magirbi ya taɓa geron nan, a tara kowa a tsakiyar gonar ya ɗauke mu da hannunsa. Babban wanmu, Yaya Sani, ya miƙo masa waya, ya ture ta, ya ce shi ba ya son hoton da yake bin mai shi cikin rijiya. Ga kuma yanar ido kullum tana ƙara rufe masa gani. An nemi irin kyamarar a Kano an rasa, sai wani tsohon abokin sana'arsa ya ce a Misra har gobe ana tsintar su a shagunan tsofaffin kaya.

Wanda ya tarbe mu wani ɗan ƙasarmu ne, Ustaz Nura, da ya zo karatu ya zarce da tafinta ga masu jinya. Bakinsa kamar zuma. "Mama, Anti, ku kwantar da hankalinku, kun zo gida." Gidan da ya kama mana yana can ƙololuwar bene, lif ɗin da ke hawa da mutane sama kuma ya mutu. Mai ciwon gwiwa fa! Kullum sai ya ce gobe za a gyara. Da Hajiya ta ambaci tsaraba, ya kawo mana kwalin dabino a liƙe, ya ce kada mu buɗe iska ta shiga. Na ga dai ƙwari suna fitowa ta gefe, na yanka. Sahun sama manya masu sheƙi, na ƙasa kuwa ko akuya sai ta yi tunani. Daga ranar na yi wa kaina alkawari, a garin nan ba zan ƙara karɓar abu a rufe ba.

Kewar gida kuwa ba a magana. A wajenmu marka ake yi, ƙasa tana ƙamshi, nan ko gajimaren kirki babu, sai ƙahon motoci dare da rana. Burodi da safe, burodi da rana, burodi da daddare. Na bar yara wajen ƙanwata, in na kira autana sai ya ƙi magana, ya ɓoye fuska. Wata rana maƙwabciyarmu, wata dattijuwa mai jiki, ta ƙwanƙwasa ƙofa da kwanon miya koriya mai yauƙi. Na ɗanɗana, ashe lalo ne, lalonmu na bakin gona, sun canza masa suna kawai. Na marmasa daddawar da na ɓoyo a jaka na zuba, muka ci da shinkafa, ina ci hawaye yana zuba. Hajiya ta ce in matsa gefe kada in ƙara wa miyar gishiri.

Kafin in fita neman kyamara na kira Baba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini.

"Uwata, abu biyu za ki duba, ido da wuya. Idon kada ya zama da yana irin tawa. Wuyan kuma ki miƙe shi duka, ki sa tocila a ciki a wuri mai duhu. In kin ga taurari, ajiye musu kayansu."

Ustaz Nura ya kai ni wani shago na 'yan yawon buɗe ido, aka fito da wata kyamara an goge ta tana walƙiya. "Anti, wannan ta manya ce, sa'a kika taka." Na nemi wuri mai duhu, mai shago ya ce babu. Sai na ja ta cikin hijabina, na rufe ta kamar kaza a kan ƙwai, na kunna tocilar waya na cusa. Subhanallahi! Taurari kamar daren bazara. Ina cikin hijabin na ji su suna ƙus-ƙus a kan rabon da za a ba Ustaz. Na fito na ajiye.

"Ustaz, rariya ce."

"Haba Anti, ɗan ƙaramin huji ne, sai a liƙe."

"To ka saya wa Mamanka, mu tafi."

Tun daga nan in na kira shi a kan maganar kyamara sai ya ce yana darasi.

Aka yi wa Hajiya aiki lafiya, alhamdu lillahi, amma likita ya ce ba inda za mu sai ta fara takawa da sanda. Kwanaki suka yi ta ja. Yaya Sani kuma ya fara aiko mini da saƙon murya, ba ko doguwar gaisuwa.

"Ke Binta, gero fa ya nuna. Maƙwabta sun fara girbi, tsuntsayen jan-baki duk sun dawo kanmu. Ki faɗa wa tsohon nan ya haƙura."

"Yaya, kai da kake kusa da shi ka faɗa masa mana."

Bai faɗa ba, ba zai iya ba. Ni ce dai mai sauƙin tsawa.

Sai na fara fita ni kaɗai in Hajiya ta yi barcin rana, maƙwabciya tana leƙa ta. Na shiga jirgin da yake bi ta ƙarƙashin ƙasa ya wuce da ni, na dawo ya sake wucewa da ni. Tsallaka titi kuwa sai na yi kalmar shahada in kama gefen rigar wata mata in bi ta. Ina nuna hoton kyamarar a waya, wannan ya nuna mini gabas, wancan ya nuna yamma, kowa da tabbacinsa, ba mai cewa bai sani ba. A haka wani mai gyaran agogo ya taso daga kan aikinsa ya raka ni wani lungu, ya tsaya a ƙofar wani ɗan shago mai duhu ya ce, "Ammu Fu'ad."

Tsoho ne siriri mai tari, gyaran kyamarori yake yi. A tsintsiyar hannunsa akwai zanen gicciye, na gane Kirista ne. Ya dubi hoton, ya hau kujera, ya sauko da wani akwati mai ƙura. Ba ta da sheƙi, madaurinta ya tsufa, amma da ya buɗe ta sai ta miƙe shiru ba ko ƙara. Na duba ido, garau. Na ja ta cikin hijabi na kunna tocila: duhu ƙirin, ko tauraro ɗaya. Da na fito na tarar yana gyaɗa kai, bai yi dariya ba. Ya ɗora ta a kan ƙafafu, ya fuskantar da ita titi, ya yafa mini baƙin ƙyalle a ka.

Abin da na gani a gilashin bayanta ya sa na yi salati. Mutane suna tafiya da ka, ƙafafu a sama, wata mota tana rataye a rufi kamar jemage. Na fizge ƙyallen raina a ɓace. Wato shi ma, da furfurarsa! Duk Larabcin da na sani na lalacewa da na tsoron Allah sai da na zazzage masa. Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Nan take na kira Baba.

"Baba, ta lalace, komai a kife yake."

"A kife? Alhamdu lillahi! Uwata, ai in kin ga mutane a tsaye daidai, to ita ce lalatacciya."

Kunya kamar ƙasa ta tsage. Ammu bai riƙe ni ba. Ya mayar mini da ƙyallen, ya nuna mini wani maɓalli a gefe, ya ce in murɗa. Ina murɗawa a hankali sai rubutun shagon da ke tsallake ya tattaru ya fito ɓaro-ɓaro. Ya dagula, ya ce in sake. Ya dagula, in sake, har hannuna ya gane. Da aka kira la'asar, ban roƙa ba, ya share bayan kanta ya shimfiɗa mini sabon kwali, ya nuna mini alƙibla, ya fita waje ya tsaya har na idar. Allah ya saka masa, ya shirye mu baki ɗaya.

Muka yi ciniki irin na kurame, da yatsu da girgiza kai, muka daidaita. Ya haɗa mini da gidan fim, wani abu shafal kamar ƙaramin allo mai murfin zarewa. Sannan ya buɗe firjinsa ya ɗauko wani kwali a liƙe, ya nuna mini da hannu cewa shi ne na ƙarshe mai wannan girman. Ya yi dogon bayani da sauri, ya kwaikwayi buɗewa, ya kaɗa yatsa a gaban hancina. Na ce to.

Da na koma, Hajiya ta juya kwalin a hannunta.

"Me ya ce miki?"

"Wai kada in buɗe."

"Mai dabino ma ai haka ya ce. Za ki ɗauki kwali tun daga Misra ki kai wa ubanki ba ki san abin da ke ciki ba? Cinikin biri a sama ke nan."

Maganar ta zauna mini, don dama zuciyata tana wajen. Ni da ko ƙwan zabo ba na saya sai na ɗaga shi a rana. Na fita baranda inda haske ya fi, na yanka. Kwali a cikin kwali, sannan baƙar leda a naɗe. Na ce oho, wannan irin ɓoyo ai akwai magana. Na zaro su ɗai-ɗai, kowanne in ɗaga shi sama in duba, in goge da gefen hijabi. Duk lafiyayyu, ba tabo, ba yagewa. Har na ji nauyin zargin da na yi wa tsohon. Na kira Baba ina fara'a.

"Baba, an samu fim. Na duba su duka a rana, ba mai aibi ko ɗaya."

Sai Baba ya tambaya.

"A rana, Uwata?"

"A rana tsaka, don in gani da kyau."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya maimaita a hankali. "Fim sau ɗaya yake ganin haske a rayuwarsa. Kin nuna masa ranar Misra, ya gani, ya gama."

Na zauna a ƙasa. "Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Wa zai ce sai an faɗa wa 'yar mai hoto?"

"Baba, yaushe ka taɓa barin 'ya mace ta leƙa ɗakin wankin hoto?"

Sai ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Ba komai. Allah bai nufa ba. Zan ce wa Sani su girbe."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na roƙe shi don Allah kada ya ce wa Yaya komai tukuna. Na juyo na ga Hajiya tana gyara filo, ta kawar da kai. "Ni fa cewa na yi ki duba, ban ce ki shanya ba." Na haɗiye abin da ya zo mini baki, don uwar miji ce.

Washegari na koma wajen Ammu na ajiye kwalin a gabansa a buɗe. Ya dube shi, ya dube ni, ya ɗora hannu biyu a ka, ya yi wa rufin shagon doguwar magana. Na tsaya ina kuka kamar yarinyar da ta fasa tulu. Da ɗan Larabcin littafina na gaya masa labarin mahaifina, da idonsa, da geron da yake jira. Ya saurara har na gama. Ya ce sabo sai an yi odarsa daga wata ƙasa, mu kuwa an riga an sa mana ranar tafiya. Sai ya durƙusa gaban firjin ya fara fito da kaya, gorar ruwa, cuku, magungunansa, har ya kai ga wani tsohon kwali a can ƙurya. Ya girgiza shi a kunne, ya ɗaga mini yatsa ɗaya, wato fim ɗaya tal ya rage a ciki. Ya zuba kwalin da gidan fim a cikin wata baƙar jaka mai hannuwa kamar riga, ya zura hannayensa, ya lumshe ido yana laluba. Da ya fito da gidan fim ɗin ya naɗe shi da salatif, ya ɗaure da igiya, ya ƙara wani salatif ɗin, yana yi yana hararata. Na buɗe jaka zan biya, ya ture hannuna da bayan biro, ya dafa ƙirjinsa.

A filin jirgi wani jami'i ya zaro gidan fim ɗin daga jakar hannuna, ya fara taɓa salatif ɗin. Aikinsa yake yi, ban ga laifinsa ba, amma in ya buɗe shi ke nan. Ina harhaɗa kalmomi, sai Hajiya ta ɗaga sandarta daga kan keken marasa lafiya, da Hausarta tsantsa.

"Kai yaro! Ka buɗe abin nan, ban yafe maka ba duniya da lahira!"

Bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya gane uwa ce take magana. Ya yi murmushi, ya kira babbansa, aka shafa wani ƙyalle a jiki aka sa a na'ura, aka miƙo mini. A nan na yafe wa Hajiya maganar shanya.

Daga Kano zuwa Ɗanbatta idona yana kan gonaki. Duk an kwantar da gero, dammuna a jere, sai dawa a tsaye. Haka muka yi ta wuce su har muka karya kwanar ƙauyenmu. Can na hango ta, gonarmu ita kaɗai a tsaye a tsakiyar fili, tsuntsaye a kanta kamar hayaƙi, Baba kuma a gindin gawo yana dukan gwangwani da kansa. Yaya Sani ne ya fara iso ni.

"Sannu da zuwa, 'yar Misra. Jan-baki suna gaishe ki, sun ce sun ƙoshi."

Da hantsi aka tara kowa, yayye da matansu da jikoki, Inna mahaifiyarmu a tsakiya a kan kujera 'yar tsugune. Baba ya buɗe kyamarar, hannunsa yana bin ta kamar jiya suka rabu. Ya ɗaura ta a kan tsofaffin ƙafafun nan uku, ya shiga ƙyalle. Ya daɗe. Rana ta fara zafi, yara suka fara kuka, maza suna duban magirbansu da ke jingine. Ya fito ya goge ido da hannun riga, ya koma. Sai na ji ya kira ni ƙasa-ƙasa.

"Uwata, zo."

Na shiga ƙarƙashin ƙyallen kusa da shi.

"Ba na gani," ya ce. "Inuwa kawai."

Ga gidanmu gaba ɗaya a kife a gilashi, zangarniyar gero tana reto a ƙarƙashinsu. Na kama maɓallin na murɗa a hankali, suka dagule, na dawo baya, suka tattaru.

"Me kike gani?"

"Gemun Yaya Sani, gashi ɗai-ɗai. Yana ɓata rai."

"To ya yi. Je ki tsaya, yi sauri."

Saura duk da laluba ya yi, ya rufe idon kyamarar, ya warware ɗaurin Ammu, ya zura gidan fim, ya zare murfi. Ni kuwa na ruga, autana ya kama mini hijabi, na sunkuya in ɗauke shi. Baba ya ce, "Kun shirya?" Mazan nan da suka ƙosa suka haɗa baki, "Mun shirya!" Na ji ƙaras. Kafin azahar magirbi ya shiga gonar.

Wani tsohon abokin Baba mai ɗaukar hoton ƙashi a wani ƙaramin asibiti shi ya wanke fim ɗin a ɗakinsa mai duhu, aka kai Kano aka fitar da shi a takarda, babba. Kowa ya fito. Carbin Inna ana iya bin ƙwayoyinsa, geron ya ɗara kowa tsawo, har da tsuntsu biyu a kan zangarniya. Ni kaɗai, ni da na hau benen nan na sauka har ƙafata ta kumbura, ni da na yi kuka a gaban baƙo, ni ce ban fito ba. Wani farin abu ne kawai a gefe, kamar an ja audugar rimi, da ƙafar yaro a ciki. Na yi mita har na gaji, Yaya Sani ya ce alhakin gero ne.

An raba gandun, kowa ya kafa iyakarsa. Hoton yana rataye a zauren Baba. Shi ba ya ganinsa, amma ya sa na bi da yatsansa a kai har ya haddace wurin kowa. In baƙo ya tsaya kallo, ba ya rasa tambaya, "Malam, wannan kuma mene ne a gefe kamar hayaƙi?"

Sai Baba ya miƙa hannu ya dafa wurin daidai, ya ce, "Wannan ita ce ta je Misra."